Jan Baki a Gonar Iya Suwaiba

Iya Suwaiba ta zube tarin gwangwanaye a gaban Badamasi, duk a sarƙe da guntuwar igiya.

"Wa ya yanke?"

Badamasi, shugaban kwamitin da ke karɓar baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye, ya janye ƙafarsa. Sabuwar rumfar da suka kafa a bakin fadama, kan hanyar Guri, tana fuskantar gonarta.

"Iya, a yi haƙuri. Ƙarar ce ke korar tsuntsayen da baƙi ke so. Wasu tun daga ƙasar Turawa suke tasowa."

"Baƙin ko tsuntsayen?"

"Duka."

"To su koma duka. Shekara talatin ina jan igiyar nan tun kafin rana ta ɗago. Shinkafata ta yi nono, kuma ka san tsuntsun jan baki ba ya jira. Ko baƙin naka za su ciyar da ni?"

"Mun rubuta ƙorafinki. Kwamiti zai zauna ranar Laraba."

"Karanta wa jan baki takardar. Ni ban iya ba."

Kwana uku ke nan tana zagaya gonar a ƙafa, tana kaɗa mayafi, tana ihu har murya ta dushe. Da igiya, daga inuwa guda take girgiza gonar gaba ɗaya. Yanzu in ta kore su gabas sai su sauka yamma, ga gwiwa ba ta lamunta.

Mota ta tsaya. Baƙi biyar suka fito, 'yan Abuja, da huluna masu faɗi da madubin hangen nesa. Badamasi ya tura gwangwanayen ƙarƙashin benci da dunduniya.

A lokacin ne garken jan baki ya taso daga cikin ciyawar kacala. Sama ta yi duhu. Suka murɗa kamar hayaƙi, suka baje, suka sake curewa, sannan suka zuba cikin shinkafar da ƙara irin ta yayyafi a kan kwano.

"Masha Allah!" in ji wata baƙuwa, tana ɗaga waya. "Mun zo a sa'a!"

Iya ta buɗe baki. Abin da ya fito bai kai ko bakin rumfar ba. Ta gangara tana ɗingishi, ruwa har ƙwauri. Kafin ta kai tsakiya sun tashi don kansu.

Ta dawo da zangarniya ɗaya. Baƙuwar ta tare ta da fara'a.

"Sannu Iya. Kullum suna zuwa haka? Kin more wallahi."

Iya Suwaiba ta kama hannun matar ta buɗe shi, ta murtsuke zangarniyar a tafinta. Ƙaiƙayi ne zalla, ba ƙwaya ko ɗaya.

"Riƙe da kyau, 'yar nan," in ji ta da ragowar muryarta. "Shi ma ki ɗauke shi hoto."