Shingen Buhun Goro

Alhaji Almu bai karɓi goron ba. Malam Barau ya riƙe shi a tafin hannu, fari tas, har hannun ya gaji, sannan ya mayar da shi cikin ganye.

Tun suna samari suke maƙwabtaka a Agege, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Almu Bakano ne, Barau Bazazzagi. In suka haɗu a rumfar goron Barau sai sun yi wa juna tsiya kafin su gaisa. Ran nan Almu ko zama bai yi ba.

"Ɗanka Murtala," in ji shi. "Ya kafa wani ƙarfe kamar bakin igwa a saman gidanka. Tsakar gidana yake kallo."

"Hoton taurari yake ɗauka."

"Haka ya faɗa maka. Ni abin da na sani, mai ɗakina Hajiya Laraba ta daina shan iska a waje, duk zafin nan. Surayya sai da hijabi take zuwa famfo, a gidan ubanta. Ba na son in kai ka gaban mai unguwa, Malam Barau. Amma in bai sauke ba, zan kai."

"Na ji," in ji Barau.

Ba a taɓa kiran sunansa a gaban mai unguwa ba. Ya wuni yana yayyafa wa goro ruwa, mai ciniki in ya cika taya sai ya ce masa ya ƙara gaba.

Murtala magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu, yana gyaran waya a Iyana Ipaja. Bara ya sayo na'urar hangen nesa 'yar gwanjo, ya ɗaura mata kyamara. Barau bai taɓa tambayarsa ba. A ganinsa, namijin da ke ciyar da iyalinsa yana da damar ya yi haukarsa.

Bayan sallar isha'i Barau ya nufi matakala. Saman gidan kankare ne aka zuba da niyyar ɗora bene, benen bai samu ba, sai rodi a tsaye ta kowace kusurwa. Gwiwarsa ta dama tana ƙara, ya hau a hankali. Kafin kansa ya ɓullo sai ya tsaya, ya juya wajen gidan Almu, ya ɗaga murya.

"A kimtsa! Namiji zai hau sama!"

Ya jira har ya ji an ja ƙofa, sannan ya ƙarasa.

Murtala yana durƙushe gaban kwamfuta, ya miƙe da sauri. "Baba! Da ƙafar nan? Wa kake wa magana?"

"Kai in za ka hau, me kake cewa?"

"Ba na cewa komai."

"To. Nuna mini abin."

Murtala ya cire kyamarar, ya sa wani ɗan gilashi a gurbinta. Barau ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ya daɗe.

"Hayaƙi nake gani. Kamar an goga alli da yatsa."

"Shi ne, Baba. Tarin taurari ne, yawansu ya wuce ƙirga, Turawa suna ce masa Andromeda. Ido ba ya iya kama shi, haskensa ya yi rauni. Kyamara ce ke tara hasken kaɗan-kaɗan, yau ta ɗiba, gobe ta ɗiba, sai in haɗa su wuri ɗaya. Na yi rabi. Yanzu damina ta wuce, sama ta washe, kuma babu farin wata. In wata ya girma sai in jira wani."

"Me ya sa bakinsa ke kan gidan Almu?"

"Ta can yake fitowa, arewa maso gabas. Wallahi Baba, ko na saukar da bakin ba abin da zan gani, komai a kife yake fitowa, a dagule."

Barau ya bar wajen na'urar. Ya taka zuwa gefen kankaren ya dubi ƙasa. Ga tsakar gidan Almu kamar a tafin hannu: igiyar shanya da zannuwa, turmi, tabarmar da aka tashi aka bari da maficin kaba a kanta. Ya kau da kai.

"Zo nan. Tsaya inda nake."

Murtala ya tsaya, ya duba, ya sunkuyar da kai.

"Ba ƙarfen ne ya shiga gidan mutane ba, kai ne," in ji Barau. "A garinmu ko mai yaɓe ba ya hawa soro sai ya yi shela. Kai an haife ka a Legas, inda kowa ke leƙa tukunyar kowa. Almu ya fi ka gaskiya. Sauke."

"Baba, 'yan kwanaki kawai suka rage mini."

"Sauke."

Murtala ya kwance na'urar gaɓa-gaɓa, ya sauka da ita.

Da safe Barau zai fita kasuwa, sai ya tarar da surukarsa Nazifa tana shara a falo. Kwamfutar na kan tebur a buɗe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ga inda idonsa ya tsaya.

"Shi ne hoton, Baba. Jiya ya daɗe yana kallonsa, ko tuwon bai taɓa ba."

Barau ya matsa. Ba hayaƙin jiya ba ne. Abu ne mai cibiya mai haske, layuka suna naɗe ta, zagaye bayan zagaye, kamar faifan da aka fara saƙa daga tsakiya aka jingine shi a karkace. Bakin-bakinsa bai fito ba tukuna, ya narke cikin duhu. Mahaifiyarsa tana saƙa faifai, ya san yadda wanda ba a gama ba yake.

"Rufe, kar ƙura ta shiga," in ji shi, ya fita.

Ran nan da la'asar ya rufe rumfa. Ya bi abokan sana'a ya tattara tsofaffin buhunan huhun goro, ya ɗora a keke mai ƙafa uku zuwa gida. Ya ɗauko basilla da igiya ya zauna a ƙofar gida yana farke buhunan yana haɗa su baki da baki. Hannunsa bai manta ba, da ɗinkin huhu ya fara cin abinci a garin nan. Masu wucewa suna tambaya ko rumfar biki za a kafa, yana ce musu su bari su gani.

Washegari ya sa Murtala ya ƙi fita aiki. Suka yi shela suka hau. Suka ƙara wa rodin tsawo da gora, suka ɗaure buhunan ta gefen Almu da gefen da ke biye, har shingen ya fi kan Murtala. Murtala ya ja baya ya auna da ido.

"Baba, ya rufe mini ƙasan sama. Sai abin ya hau sosai kafin in same shi."

"Sai ka jira shi. Gudu yake?"

Bayan isha'i Barau ya tare Almu a ƙofar masallaci. "Zo ka ga wani abu."

"In roƙo ne, ka bari."

"Ka taɓa ganin na roƙe ka?"

Suka hau, Almu yana haki yana tsine wa wanda ya gina matakalar. Da suka kai sama ya tsaya yana kallon buhunan, iska tana kaɗa su, warin ganyen goro ya cika wurin.

"Nemi gidanka," in ji Barau.

Almu ya zagaya. Ya yi ɗage. Ya nemi kafa a ɗinkin ya sa ido, bai samu ba. Ya kira Murtala, wanda ya fi su tsawo, ya ce ya yi ɗage shi ma, ya tsaya a bayansa yana duba inda idonsa ya kai.

"Ikon Allah," in ji Almu. "Bazazzagi ya yi abin hankali. A rubuta ranar."

"Za a mayar da ƙarfen, ko da sauran magana?"

"Sama ta ubana ce? Ya mayar."

Murtala ya sauka da gudu kamar ba uban 'ya'ya ba. Dattawan suka zauna a kan bulo suna kallonsa yana ɗaura gaɓoɓin, yana saita ƙafafun, yana magana shi kaɗai da Yarbanci in wata ƙusa ta ƙi shiga. Suka jira tare har abin ya hau saman shingen. Na'urar ta fara ɗan gurnani tana bin sa a hankali.

Almu ya sa tabarau ya sunkuya kan kwamfutar. "To wannan duk taurari ne? Subhanallahi. Akwai mutane a can?"

"Allah ne masani, Baba Alhaji."

"In akwai, Allah ya sa ba Zazzagawa ba ne. Wannan ja-jan da ya ɓata gefen nan fa?"

"Hasken unguwa ne. Fitilun waje suna hasko sama, sai su danne shi. Haka nake fama."

Almu ya ɗaga kai. Ta saman buhunan, ta gefen gidansa, wani farin haske yana tashi, na babban ƙwan da ya sa a tsakar gida saboda ɓarayi. Ya cire tabaran ya sa a aljihu, ya ce dare ya yi masa, ya sauka yana dafa bango.

Ba a jima ba hasken ya mutu. Sama ta ƙara baƙi, wasu ƙananan taurari suka fito inda da babu. Daga bayan katanga muryar Hajiya Laraba ta taso.

"Alhaji, wa ya kashe ƙwan nan? Ina tsince shinkafa!"

"Ki ɗauko tocila," in ji muryar Almu. "Ana aiki a sama."

Murtala ya dubi ubansa, bakinsa a buɗe. Barau ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya gyara zama a kan bulon.

"Me kake kallo a fuskata?" in ji shi. "Ɗebi haskenka."