Idon Raƙumi

A Madawa, bayan tasha, akwai wata rumfar kwano wadda ƙasanta ta sha ɗigon fenti har ba a gane asalin launinta. A nan Malam Tanko ya shekara talatin yana yi wa mutane zane: allunan masu aski, na masu shayi, na butiki, da bayan manyan kamiyoyin da ke kwasar albasa zuwa Abijan. Yana da wata ɗabi'a da duk direbobi suka sani. In ya zana zaki ko shaho ko doki, ba ya sa masa ido sai ranar da mai abin ya zo ɗauka. Yakan ce dabba in ta sami ido ta gama da kai, tafiya za ta yi. Muddin ba ta da shi kuwa, 'yar gida ce, dole wani ya dawo dominta. Mutane suna yi masa dariya, amma suna dawowa.

A wannan rumfa ɗansa na fari, Ezra, ya koyi riƙe burushi. Da ya gama lakwal, wato makarantar boko, sai ya wuce Yamai, ya sami aiki a wani gidan ɗab'i inda ake zane da ordinatar, wato kwamfuta. Shekara huɗu ke nan bai tako Madawa ba. Wasiƙu dai suna zuwa. A ta ƙarshe ya rubuta cewa aikin hannu ya wuce, in babu na'ura babu abin da zai yi a gida. Malam Tanko ya ninke wannan wasiƙa ya sa a gwangwanin burushinsa.

To, kun san kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Ezra uban bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan na Yamai". Wanda bai iya faɗin suna ba, ta ina zai iya cewa dawo gida? Sai dai kullum da la'asar, in motar yamma ta tsaya, ya ajiye burushi ya bi masu sauka da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ta tashi.

A ƙarshen damanar 1997, taubashinsa Yunana, wanda ke tsaron magaza, ɗakin ajiyar kaya, a asibitin mishan, ya aiko masa da saƙo. Wata Baturiya da ake kira Malama Altine, don ran Litinin ta fara sauka ƙasar, za ta koma gida. Yadda suka saba, mai tafiya yakan baza kayansa a baranda a saya, kuma cikin kayan akwai ordinatar guda biyu irin na ɗauka a hannu.

Malam Tanko bai yi shawara da kowa ba. Ya buɗe rumbun albasar da ya adana tun rani, ya sayar da ita kaf, sai guda ɗaya da ya jefa a aljihu.

"Albasar shekara guda za ka kai ma ƙarhe?" in ji matarsa Hasana. "Kai da ko rediyo sai an kama maka tasha?"

"Ba don ni ba ne."

"Na san don wa ne. Ka rubuta mishi ka ce ya zo mana."

Ya sa hularsa ya fita.

A barandar Baturiya akwai tukwane, da fitila, da keken yara, da wani abu mai haƙora da har yau ban sami wanda ya san amfaninsa ba. Na'urorin biyu suna kan tebur a buɗe kamar bakin kada. Ɗaya siririya ce, ɗaya kuwa mai kauri, da wani ɗan ƙwallo a gabanta da ake murzawa da yatsa. Malam Tanko ya ɗaga kowace ya jijjiga a hannu, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa bayanta.

"Ba rago ba ne, tsoho," Yunana ya ce. "Ko za ka buɗe bakinta ka ƙidaya haƙora?"

"Yi mini shiru, mai tsaron kwalaye. Wagga ta hi nauyi. Akwai abu cikinta."

Malama Altine tana jin Hausa, irin ta coci mai tafiya a hankali. Ta ce siririyar ita ce ta aikin zane, tana nuna launi, amma kuɗinta ya ninka na mai kaurin sau uku. Abin da ke aljihunsa na mai kaurin ne kawai, ya kuwa san haka tun kafin ta rufe baki. Duk da haka ya ciro albasarsa ya ɗora a kan tebur, ya ɓare busasshen ɓawon har jikinta ya fito, ja mai shuni-shuni yana sheƙi, irin wanda ba a samu sai a fadamun Adar.

"Ki ce musu su yi mini wanga launi."

Ta yi murmushi, ta zana da'ira a siririyar ta cika ta. Launi ya fito. Malam Tanko ya matso da fuskarsa har numfashinsa ya dusashe gilashin. Bai yi daidai ba, ja ya ɗan yi yawa, amma wuta ce ke fitowa daga cikinsa, kamar albasar da rana ta shiga ta zauna. Shekara talatin yana dama fenti bai taɓa ganin launi mai haskaka kansa ba. Ya daɗe a tsaye, har Yunana ya taɓa shi.

Ta yi irin wannan da'ira a mai kaurin. Toka ce ta fito, toka zalla.

"Ta lalace ke nan?"

"A'a, Malam. Launin yana ciki. Ta sani, ta riƙe, nunawa ce ba ta yi. In an kai aikin wurin bugawa, zai fito a takarda."

Malam Tanko ya sake duban da'irar tokar, ya dubi albasarsa. Ya tambaya sau biyu ko da gaske jan yana nan ciki, sau biyu ta ce yana nan. Sai ya kwance bakin aljihu. Albasar kuwa ya bar wa Baturiya, ya ce ta tafi da ita ƙasarsu.

Da ya yi wa Hasana bayani a gida, ta dube shi ta dubi na'urar. "Tana da abu cikinta ba ta hwaɗi? To kun dace."

Wasiƙar da ya aika Yamai layi uku ce. Gaisuwa, da labarin ruwan bana, sannan: an sami wani ƙarfen zane a gida, babu mai iya shi.

Ezra ya sauka kwana biyu kafin Nowel, bikin Kirsimeti, ya yi ƙiba, ya sa tabarau. Uban ya gan shi tun yana ƙafar mota, amma sai ya duƙa yana wanke burushin da ya riga ya wanke. Bayan an ci abinci aka fito da na'urar daga cikin zanen da Hasana ta naɗe ta. An kai ta shagon mai hoto ta sha kuran, wutar lantarki, tun jiya.

Ezra ya kunna, ya murza ƙwallon.

"Baba, wannan tsohuwa ce. A Yamai ba mai aiki da irinta yanzu. Kuma ko an yi zanen, a Madawa ina wurin bugawa?"

"Haka ne," in ji Malam Tanko. Ya kai hannu zai rufe ta.

"Bari dai in gani."

A lokacin akwai aiki a rumfa. Manoman albasa na Tabotaki suna son tambarin da za su manna a buhunansu: raƙumi ɗauke da kayan albasa. Ezra ya jawo benci ya fara zana shi a na'urar, uban yana tsaye a bayansa. Da aka zo launi sai aiki ya tsaya, don komai toka ne. Ezra ya san lambobin launi da ake bugawa, amma bai ga abin da suke bayarwa ba.

"Ƙara shuɗi kaɗan," uban ya ce.

"Baba, me ka gani?"

"Wagga toka ta yi haske. Albasarmu ta hi haka duhu. Ƙara."

Ezra ya ƙara. Kwana huɗu suna haka, ɗaya na murza ƙwallo, ɗaya na kiran launin da babu mai ganinsa: jan ƙasar dutsen Keita a ƙarƙashin ƙafar raƙumi, ruwan ɗorawa a igiya. Suka yi gardama a kan wuya, Ezra ya ce ya yi tsawo, uban ya ce raƙumin Ibohamane ne, haka suke. Hasana tana kawo fura tana mayar da kwano, ba su san ta zo ba.

Rana ta biyar Ezra ya ɗauki jakarsa, don hutun da aka ba shi ke nan. Ya durƙusa ya yi sallama. Malam Tanko ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai ƙara komai ba, bai kuma raka shi tasha ba. Daga rumfa ya ji tashin motar.

Sai da rana ta karkata ya iya buɗe na'urar. Ya danna inda ya ga ana dannawa. Raƙumin ya fito, da kayansa, da igiyarsa, da dogon wuyansa, komai an gama. Ya matso da fuskarsa. A inda ido ya kamata ya zauna babu komai, fili ne fari.

Hasana ta leƙo ta kafaɗarsa. "Ya manta ido. Ɗigo guda ne, sa mishi mana."

"Ba aikina ba ne."

Ya kashe ta don kada batir ya ƙare, ya naɗe ta a zane, ya ajiye nesa da fenti. Mutanen Tabotaki sun zo sau biyu neman tambarinsu, ya ce su yi haƙuri, mai aikin ya ɗan fita.