Inda Za Ku Same Su

Tun da rikici ya rufe makarantun Bamenda aka turo Latifa birnin Douala, wajen ƙanwar babanta Gwaggo Tasalla mai suyar kifi a unguwar New Bell, ba ta yi ƙawa ko ɗaya ba. A jami'a, sashen aikin jarida, kujerar ƙarshe ce tata. Da Ingilishi ta yi karatu, Faransanci kuwa sai ta jera shi a zuci, kafin ta gama jerawa hira ta wuce. Har Hausawan ajin, haifaffun Douala, da Faransanci suke gaisawa, ba su ma san tana jin Hausa ba. Ita dai burinta ta samu mutum guda da zai ce mata, "Zo mu tafi tare."

A zangon nan tallan fim ake koya musu. Malamin, wani dogo mai yawan share gumi, ya kunna musu talla iri-iri, ya tsayar, ya mayar baya.

"A nuna kaɗan, a ɓoye ƙarshe," in ji shi. "Kiɗa ne zai yi magana. Ku bar mai kallo da ƙishirwa."

Sannan ya ce a rabu biyu-biyu, a haɗa gajeren tallan fim ɗin da babu shi. Aka rabu, Latifa ta saura kamar gugan da aka manta a bakin rijiya. Ya ce ta yi nata ita kaɗai.

A wayarta akwai tsohon bidiyon wani suna da aka yi a gidansu kafin kowa ya watse. Shi ta yanyanka yadda aka koya mata: hannun mahaifiyarta Mairama yana tankaɗe, bayan yayanta Mudi yana tura keke, mayafin yayarta Firdausi, ƙofa tana rufuwa, sai duhu. Ba fuska, ba murya.

Da la'asar, ruwa na dukan kwano, ta nuna wa Gwaggo da ke kankare kifin da ta saro daga kasuwar Youpwé.

"To, su waye a ciki?"

"Ba a faɗa, Gwaggo. Haka ƙa'idar take."

"Ƙa'idar wa? Ke, mu da muka sha kallon kaset tun kina goye! Talla ai mai murya ne zai kira sunan kowa, ƙarshe ya lissafo shagunan da za a samu. Ko cigiyar akuya ana faɗin launinta, 'yar nan. Maido shi farko."

Latifa ta maido, cikin wasa ta danna ɗaukar murya. Gwaggo ta gyara zama, ta kumbura wuya.

"Jama'a ku matso! Ga Mairama, ba ta tankaɗe sai da faɗa! Ga Mudi, sarkin aron keke! Ga Firdausi, gwanar kuka a biki! Za ku same su..." Nan muryar ta sauka. "Mairama na Bamenda, ta ce ba ta barin ɗakinta. Mudi na Bafoussam. Firdausi na unguwar Grand Hangar. Latifa kuwa tana New Bell, gidan Tasalla mai kifi, bayan masallaci, kullum a ɗaki. A zo a same ta."

Ta goge ido da bayan hannu, ta ce hayaƙi ne. Ba a ko hura wuta ba.

Ranar gabatarwa Latifa ta je da talla biyu, mai bin ƙa'ida da mai muryar Gwaggo. Ta daɗe a tsaye gaban ajin. Na farkon zai ba ta maki, amma za ta koma kujerarta ba wanda ya san ta. Ta danna na biyun.

Muryar Gwaggo ta cika ajin. Aka bushe da dariya, har da masu buga tebur.

"Mademoiselle, wannan shelar kasuwa ce," in ji malamin. "Kin faɗi komai, me ya rage a zo gani?" Ya ba ta maki mafi ƙanƙanta a ajin.

A bakin titi ta tsaya ita kaɗai tana jiran babur, ruwa na jiƙa mata takalmi. Sai Ikhlas, wata mai zama a layin gaba da ba ta taɓa kallonta ba, ta rage tafiya a ƙarƙashin lemarta.

"Ashe ke 'yar gidan Tasalla ce?" ta ce da Hausa. "Kifinta akwai daɗi, sai dai barkono kamar da gayya. Tana suya ran Asabar?"

"Kullum," in ji Latifa. Ikhlas kuwa ta bi ƙawayenta.

Ran Asabar Latifa ta fito da kujera ta zauna kusa da kaskon suya, littafi a cinyarta, shafin bai motsa ba. Duk takun da ta ji a lungun sai ta ɗaga kai.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "yau a rage barkonon."