Alhaji Yana Jiran Sallama

Mahaifinmu Alhaji Munzali yana da taurin kan da ban taɓa ganin irinsa ba a duk Zongon Kwatano, kuma yayana Kamaludeen ya kwaso shi tsaf. Ni Rufaida ce a tsakiya, ni ke shan wahalarsu.

Tun da Yaya ya tafi Ingila aiki, in ya kira waya sai ya ce "Halo, Baba." Alhaji kuwa sai ya manna wayar a kunne ya yi gum, yana jiran sallama. A wurinsa wanda ya kira kamar wanda ya shigo zaure ne, shi ke fara sallama. Yaya ya yi ta halo, halo, ya ɗauka rezo ne babu, layin bai kama ba, ya kashe. Sai ya turo mini saƙo wai a canja wa Baba waya. Mutumin da ke wuni a rumfarsa ta albasa a kasuwar Dantokpa yana zabga wa kwastomomi "alo, alo", shi ne kalmar ta zame masa zagi don ta fito daga bakin ɗansa!

"Kada wanda ya gaya masa dalili," in ji Alhaji. "Ba zan roƙi ɗan cikina ya gaishe ni ba."

Da matar Yaya ta haifi namiji, maganar ta wuce wasa. A gidanmu kaka ke zaɓen suna, kuma da bakinsa yake faɗa wa uban jariri, ba a aike. Kowa ya san sunan da Alhaji ya ajiye: Sharhabilu, sunan mahaifinsa da ya fara sauka Kwatano da fatauci. Jikoki mata huɗu aka haifa yana jira. Yaya ya dinga kira safe da yamma, Alhaji na ɗauka yana shiru, ranar suna tana matsowa.

Turanci nake koyarwa a wata lekol, makarantar boko a unguwar Akpakpa, don haka na ce bari in gwada abin da na sani. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar, na durƙusa.

"Baba, halo ɗin nan asalinsa ba gaisuwa ba ce. Kira ne. Da shi mutanen da suke ƙwala wa wanda ke nesa, har mai kwalekwale in yana wancan ƙetaren. Da waya ta zo sai aka ɗauke shi. Tambaya yake ko kana nan."

Da na sani na yi shiru.

"Mai kwalekwale? Wato ni ne mai fito a bakin ruwan Tokpa, yake ɗaga mini murya in zo in ɗauke shi?"

"Baba, har gudbai da yake faɗa in zai kashe, asalinsa Allah Ya kasance tare da kai ne."

"To ya san Allah a ƙarshen magana, ya manta da Shi a farko? Tashi ki ba ni wuri."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga ɗaki na karya dokarsa, na kira Yaya na faɗa masa komai. Na zaci dariya zai yi. Shiru ya yi, irin na Alhaji sak.

"Kina nufin duk watannin nan yana ji na?"

"Yana ji, Yaya. Sallama kawai za ka yi, magana ta ƙare."

"Ranar da aka shiga da matata tiyata na kira shi ina kuka, Rufaida. Ina cewa Baba ka yi mana addu'a. Yana ji?"

Ina wurin Alhaji a ranar. Alhaji ya yi addu'ar, har sadaka ya bayar, amma sai da aka kashe wayar. Na faɗa wa Yaya haka. Ya ce ya gode, ya ajiye.

Daga nan kira ya ɗauke. Alhaji ya sayi rago ya ɗaure a tsakar gida, ya sa aka kawo goro. Wayar kuwa ba ta barin aljihun gabansa, ko alwala zai yi sai ya ɗora ta inda zai gan ta. Na roƙe shi ya kira da kansa, ya ce uba ba ya bin ɗa. Wallahi ji na yi kamar in ɗauki wayar in jefa ta a ruwan lagun.

Ranar suna da hantsi, tsofaffin unguwa sun cika tabarmi, wayar ta yi ƙara. Alhaji ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu," in ji Yaya, a hankali, bai ci ko harafi ba.

Fuskar Alhaji ta washe. Ya dubi mutane, ya dube ni, ya amsa da ƙarfi. Ya gyara zama zai faɗi sunan.

"Baba, na kira ne in sanar da kai an raɗa suna da asuba. Abdoulaye, sunan baban matata. Shi da na kira shi ya amsa."

Ya yi sallama cikakkiya, ya kashe. Alhaji ya ci gaba da riƙe wayar a kusa da bakinsa.

"Halo?" ya ce. "Kamalu? Halo?"