Hita a Cikin Bokiti

Liman na tsakiyar huɗuba a Masallacin Huaisheng, can ƙasar wajen da suka je fatauci, gaban Lukman ya yanke ya faɗi. Hitar! Ya tsoma ta a ɗan bokitin roba don ya ɗuma wa mahaifiyarsa Hajjo ruwan alwala, abokan tafiya suka yi ta kiransa a waya, ya fice bai zare ba. Ruwan ma bai kai rabin bokiti ba.

Da a ce ya bar otal ɗin yadda ya same shi, da babu komai, don ana cire katin ƙofa daga raminsa wutar ɗaki ke ɗaukewa. Amma ina, Lukman Bakano ne, ba a yi na'urar da za ta fi shi wayo ba. Ya cusa katin tallar wani shago na kasuwar Canaan a ramin don iyakwandishan ya ci gaba da hura wa tsohuwa sanyi. Makunnin kariya na jikin bango kuwa, da ya dame shi da faɗuwa duk sanda ya haɗa hita da dutsen guga, jiya ya ɗaure shi sama da salatif, har yana yi masa dariya. Ga Hajjo ta sha maganin mura mai sa barci.

Ya tsallake sahu yana ba da haƙuri, takalmi a hannu. Ya kira wayarta sau bakwai, shiru. A cikin tasi ba abin da yake gani sai ƙarfen nan ya yi jajir, roba tana narkewa tana ɗiga kan kafet, ga dilolin wandunan da ya saro a garin Xintang jibge har bakin gado. Shi ya lallaɓo ta zuwa ƙasar nan, wai ta huta. Tsoro ya hana shi ko kawo addu'a guda daidai.

Ƙaurin roba ya tare shi tun daga bakin bene. Ya banka ƙofa. Ɗaki duhu, bokiti ya lanƙwashe, hita ta fashe ta yi baƙi ƙirin, kafet ya ƙone kamar faɗin faifai. Wuta dai ba ta kama ba.

Ma'aikacin otal da ya biyo shi ya ɓare salatif ɗin yana girgiza kai. "Laoban," ya ce, wato maigida, sannan ya nuna masa a fassarar waya: akwai maganaɗisu a cikin makunnin, wuta na yin yawa yake fizge hanyarta ya yanke, ko da an ɗaure shi ta waje.

Hajjo ta motsa, ta yi tari.

"Kai Lukumanu, wa ya kashe min sanyin? Har an sauko ne?"

"Ban sani ba, Hajiya," ya ce. Ya durƙusa ya riƙe ƙafarta da hannu biyu, ya fashe da kuka.