An Mayar wa Malam Gilbert da Afiniki

Littafi ɗaya Malam Gilbert ya rubuta a duniya, kuma bai bar kowa a Kafanchan ya manta ba. Littafin ɗan siriri ne, an buga masa a wata ƙaramar maɗaba'a a Jos, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Labarin Afiniki ne, mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a tashar jirgin ƙasa, mace mai haƙuri da addu'a wadda ba ta taɓa ɗaga wa mijinta murya ba, a shafin ƙarshe kuma ta rasu. Kowa ya san marigayiya Magdalene ce, matarsa, ya sake wa suna. A bangon baya ya sa an rubuta cewa haƙƙin mallaka nasa ne, ba mai kwafa ko juyawa sai da izininsa. Idan baƙo ya zo, wannan layin yake fara nuna masa, sai dai baƙin ba su da yawa.

Tun da ya yi ritaya daga aikin hedimasta shi kaɗai yake zaune. 'Ya'yan suna Legas da Kaduna. Ya dafa doyarsa, ya ci, ya yi gardama da rediyo, ya leƙa titi ko wani zai ratso.

Kowace Kirsimeti Zumuntar Mata sukan yi dirama a coci. Ba sa rubuta komai, a baki suke shiryawa, su ne maza su ne mata, da wandunan mazajensu na aro. A wannan shekarar Mama Bernice, tela a kasuwa kuma aminiyar Magdalene tun suna 'yan mata, ita ta shirya. Daga inda littafin ya ƙare suka fara. Ga Afiniki kwance a tabarma an lulluɓe ta, ana ta koke-koke, sai gawa ta yi atishawa, ta tashi zaune ta ce, "Wane ne ya taɓa mani tukunya na?"

Coci ya ɗauki dariya. Mijin ya shigo da tabarau da lema, yana gyaran murya kafin kowace magana, ba sai an faɗa wa kowa ko wane ne ba. Afiniki ta yi masa tatas a kan ya bar akuya ta cinye gyaɗar. Malam Gilbert yana bencin gaba, wuyansa ya ƙi juyawa. Tsakin da ta ja, da yadda ta riƙe ƙugu, da yadda ta yi dariya a tsakiyar faɗa, duk na Magdalene ne, kuma ko ɗaya babu a littafinsa.

Ya koma gida bai ci abinci ba. Ba dariyar ce ta fi yi masa ciwo ba. Ashe makonni matan nan suna taruwa suna tuna matarsa, wannan ta kawo yadda take tafiya, waccan ta kawo yadda take ciniki, ba wadda ta tako ƙofarsa ta ce, Malam, zo ka ji.

Afiniki kuwa da ta tashi ba ta sake kwanciya ba. Da Ista ta yi rigima da mai duba tikiti. Ranar godiyar kaka ta je Kasuwan Magani ta ɓace. Matan Manchok ma suka are ta. Malam Gilbert bai taɓa fashi ba. Yakan zauna ya haɗe rai, ya dawo gida yana maimaita maganganunta shi kaɗai a kicin.

Daga ƙarshe ya ɗauki littafin ya kai ƙara gaban dattawan ikilisiya. A lissafinsa, za su turo matan su ba shi haƙuri. Zai ɗan ja aji, sannan ya yafe, ya ba su izini, su zauna a falonsa a yi hirar Magdalene har yamma. Har kujeru ya goge, ya sayo lemon kwalba ya ajiye.

Sai dai dattawa ba su san wani abu wai shi haƙƙin mallaka ba. Sun ji an ɗauki abin mutum ba da saninsa ba, wannan kuwa sun san sunansa, sun kuma san maganinsa. Ran Lahadi Rabaran ya sanar an sa Mama Bernice a horo: za ta koma bencin baya, ba jibin Ubangiji, kuma kada a ƙara jin sunan Afiniki a dirama. Malam Gilbert ya bi shi har ofis yana cewa ba haka yake nufi ba.

"Baba, ai mun tsaya maka ne," in ji Rabaran. "Ka kwantar da hankalinka."

Ba wadda ta zage shi. Da ma sun zage shi, da ya sami abokin magana. Matan sukan rusuna su gaishe shi da ladabi, su wuce. Mama Bernice ta yi watanninta a bencin baya, kanta a ɗaure tsaf, tana waƙa da ƙarfi kamar kullum. Da Kirsimeti ta zagayo aka yi diramar makiyaya da tumaki, yara suka yi ta hamma.

Bayan sabuwar shekara ya kasa daurewa. Ya sa kwat ɗinsa ya nufi kasuwa, ya sami Mama Bernice a kan keken ɗinki tana haɗa yunifom ɗin makaranta.

"Sannu da zuwa, Malam. A kawo kujera?"

"A'a, Mama, ba zan daɗe ba." Ya gyara murya, ya ji kansa, ya ji kunya. "Na zo in ce na ba da izini. Ku ci gaba da abinku. Zan je in gaya wa dattawa da bakina."

Ta tsayar da keken. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Malam, mun gode. Amma mata sun ji tsoro, ba wanda zai yarda ya sa zanen Afiniki kuma. Ni ma na tsufa da zaman baya." Ta gyara zaren. "Mu ba mu san sata ne ba. Kewan ta ne ya dame mu, shi ke nan."

Ya tsaya yana juya lemarsa. Diramar Kasuwan Magani ce ta ƙarshe da suka yi, kuma a nan suka tsaya, Afiniki ta ɓace a cikin kasuwa, mijin yana ta yawo yana kiran sunanta.

"To ko ni kaɗai ki gaya wa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ya same ta?"

Mama Bernice ta mayar da ƙafarta kan keken.

"Ba mu kai wurin ba, Malam," ta ce. "Kai ne mai ita. Sai ka rubuta."