Kawu Ya Ce Idonsa Biyu

Barci ɓarawo ne, amma Kawu ya rantse bai taɓa shiga gidansa da rana ba. Tsohon direba ne da ya tsufa a kan sitiyari, kuma in ka ce ka ga yana gyangyaɗi, to ka ja wa kanka faɗa.

Ranar da abin ya ɓaci, ya tsaya a danja ne, matarsa Gwaggo na gefe. Koriyar wuta ta kama, motoci suka yi ta hon a bayansa, shi kuwa haɓa a ƙirji. Suna isa gida ta zare makullin motar ta jefa a jaka.

"Tunani nake yi, ke tsohuwa!"

"Tunani da munshari? Ba ka ƙara taɓa motar nan sai likita ya ce lafiyarka lau."

Kawu ba mota, ai kifi ne a tudu. Dole ya bi ta asibiti. Likita ya ce gwajin ba wuya: za a zaunar da shi a ɗaki shiru da hantsi, in bai yi barci ba, shi ke nan.

Kawu ya yi dariya a ciki. Tun daga gida ya sa tsakuwa a takalmi, don in ido ya fara nauyi ya taka ta.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin, wata siririya mai gilashi, ta tarbe su. "Sannu da zuwa, Baba. Cire hula da takalmi, ka miƙe ƙafa."

Tsakuwa ta gangara ƙarƙashin kujera. Gwaggo ta bi ta da kallo.

Aka shafa masa wani abu mai danƙo a ka, aka liƙa wayoyi har gefen ido, ya koma kamar injin da makanike ya buɗe.

"Wannan ta me ce, 'yar nan?"

"Ƙwaƙwalwa tana da wutarta, Baba. Wayoyin nan su ke zana motsinta a allon da ke waje."

"To su zana. Mai gaskiya ba ya tsoron alƙali."

Aka rage haske, aka ja ƙofa. Kujera ga laushi, fanka na juyawa a hankali. Kawu ya kafe ido a bango, ya shiga lissafa garuruwan da ya taɓa kai kaya. Ya ce bari ya lumshe ido kaɗan, don hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa na damunsa.

Da aka kunna fitila, ma'aikaciya ta shigo da Gwaggo, ya miƙe zaune garau. "Kin gani? Ko ƙyaftawa ban yi ba. Tsohuwa, kawo makullina."

Ma'aikaciya ta turo allon daga waje, ta juyo masa da shi. "Duba nan, Baba. Waɗannan zane-zanen ƙanana masu sauri, idonka biyu. Nan sun fara tafiyar hawainiya, ka shiga gyangyaɗi. Wanda aka tayar a wannan gaɓar yakan rantse bai yi barci ba, kuma ba ƙarya yake yi ba, bai sani ba ne. Nan kuma ƙwayar idonka ce ke kai da komo a ƙarƙashin fata. Lokacin mafarki ke nan."

"Mafarki! Na'urarku ce ke mafarki. Ni da na ji komai? Na ji shigowarki. Na ga makanikena ya biyo ki da jak, ya ce tayar baya ta yi faci, ya ɗaga kujerar nan sama. Har na ce masa ya yi a hankali kada kaina ya bugi fanka. Da ya kwance tayar ya miƙa wa likita..."

Ya sunkuya ya leƙa ƙafafun kujera. Ƙarfe ne guda huɗu, a kafe a ƙasa.

An ce baki shi ke yanka wuya.

Gwaggo ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. "Ci gaba mana, maigida. An yi mata iska, ko sabuwa za a saya?"

Ma'aikaciya ta danne dariya. Ta ce da alama munsharin nan ne ke tsinka masa barcin dare, jiki ya zo yana ramawa da rana. Abu ne mai magani, amma tuƙi sai likita ya sake gani.

Kawu ya sa takalmi ba gardama. Danjar nan ta faɗo masa a rai, ya ce a zuci, yau da a kan babbar hanya ne fa? Ya ɗauki hularsa, ya juya ta, ya juya ta. Can ya zura yatsa cikin naɗin hular, ya zaro makulli na biyu, wanda ko Gwaggo ba ta san da shi ba.

Ta buɗe baki. "Lallai tsohon nan!"

Ya dangwara mata a hannu, yana kallon bango.

"Ajiya na ba ki, ba kyauta ba."